Shekari Babes Ba Su da Gola

Ku matso kusa. Akwai abin da kunnena ya ɗauko ranar Juma'ar da ta wuce wanda duk faɗin Narayi babu wanda ya san shi, daga ni sai mutum uku sai wani zakara. A kan Koci Shekari ne da maganar gola. Zan faɗa muku, Allah kuwa zan faɗa, amma ku bar ni in numfasa tukuna. In na zube muku ita gaba ɗaya ba za ku ji gishirinta ba. Sai kun fara sanin irin mutumin da Allah ya haɗa ni maƙwabtaka da shi shekara goma sha shida, har hawan jinina ya gane muryarsa.

Ni ce Asabe mai ɗinki, ta layin makarantar firamare. Shagon Shekari na manne da nawa, abin da ya raba mu wani siririn falanki ne wanda ko tari ka yi sai na ce maka sannu. Shi gyaran keken ɗinki yake yi da injin markaɗe. To, abin da aka rubuta a allon shagonsa ke nan dai. In ka kawo masa kekenka ranar Litinin, ka je ka yi aure ka haihu ka yaye ka dawo, yadda ka ajiye shi haka za ka tarar, oga kuwa yana tsugune da alli yana zana 'yan wasa goma sha ɗaya a kan siminti. Kekena na biyu wata biyu ke nan a hannunsa, alhali taku uku ne tsakaninmu.

Daga wani ƙauye bayan Zonkwa ya zo Kaduna yana saurayi, jaka ɗaya a hannu, takalmin bal a rataye a wuya. Ya samu aiki a masaƙa a Kakuri yana gyaran injin saƙa, da yamma kuma yana buga wa kulob ɗin masaƙar lamba biyu. Shi dai cewa yake har yau ba a yi lamba biyu irinsa a Arewa ba. Waɗanda suka ga wasansa sun ce gaskiya ne, don ba su taɓa ganin mutumin da zai bar bal ta wuce ya tare mai bal ɗin kamar shi ba. Da masaƙar ta rufe, abokan aikinsa wasu suka koma gida noma, wasu suka hau acaɓa. Shi da ya tashi fitowa abin da ya ɗauko shi ne buhun tsofaffin jesin kulob da raga biyu da usur. Matarsa Edith ta kwance buhun tana zaton shinkafar sallama ce, sai warin safa ya yi mata maraba. Ranar har Mahuta an ji muryarta.

Da buhun nan ya kafa Shekari Babes, bana shekara goma sha tara. Kada ku ɗauka wasan yara ne a layi. Lig ɗin jiha suke bugawa, da katinsu da komai, alƙalin wasa na zuwa da tutarsa. Abin da ba su da shi kawai shi ne mota da fili da mai gida mai nauyin aljihu. Filin makaranta suke ara in an tashi yara, da damina kuwa rabinsa fadama ne, in sun ci kwaɗi ke taya su murna. In wasa ya kai su Kafanchan motar coci suke roƙa, wadda aka rubuta wa Zumuntar Mata ɓaro-ɓaro a jiki, sai ka ga ƙattai ashirin suna dirowa daga ciki suna muzurai.

To, duk shekara da zarar an rufe kakar wasa, manyan kulob na Abuja da Jos da na ƙetaren kogi sai su sauko mana kamar 'yan sari. Shekari ya reni yaro tun ƙafarsa ba ta san takalmi ba, su zo su nuna masa bas mai sanyi da jaka mai taya, shi ke nan sai dai ka ji labari. Bana biyar suka kwashe masa. Huɗun ya haɗiye. Na biyar ɗin Ben ne, golansa, shi kaɗai ke nan, don na biyun tun Ista ya shiga soja. Dokar lig kuwa ba ta da kwana-kwana: kulob ɗin da bai kai fom ɗin gola ofis kafin ƙarfe huɗu na yammacin Juma'ar rufe rajista ba, an cire shi, a ba wani gurbinsa. Kulob uku na layi suna jiran Shekari ya zame. Aikin shekara goma sha tara zai tafi saboda mutum ɗaya mai safar hannu.

Sati uku ya rage lokacin da Ben ya hau bas ɗinsa mai sanyi. Sati ukun nan ban yi ɗinki ɗaya miƙaƙƙe ba. Daga safe zuwa yamma abin da ke ratso falankin nan tsaki ne da waya. "Halo, kana da gola? Ko gurgu ne, in dai yana da hannu biyu." Wata amarya na ɗinka wa riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, har yau ba ta gaishe ni.

Mai kuɗi sayen ɗan wasa yake yi. Irin su Shekari sai dai su jira waɗanda 'yan bal ke ce wa firi, wato waɗanda kulob ɗinsu ya sallama ko kwantiraginsu ya ƙare, suna yawo da takalmi a leda babu wanda ya riƙe katinsu. A cikinsu ake tsintar na tsinta.

Kuma ko a nan ɗin ma Shekari yana da nasa tsarin da babu mai shi duk jihar nan. Ba ya ƙulla magana da ɗan wasa. Wajen uwa yake zuwa. Shekarar farko ne wani yaro ya karye a fili, uwarsa ba ta ma san yana bal ba, ita a zatonta lesin yake zuwa. Ta fito da muciya ta bi Shekari daga filin makaranta har bakin titi, yana gudu usur na dukan ƙirjinsa. Tun ranar ya ɗauki alkawari. Duk wanda zai sa wa jesi, ko gemunsa ya kai cibiya, sai ya zura kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya saƙale zakara a hammata, ya je ya yi sallama a ƙofar uwar, ya zauna inda aka nuna masa, ya ce, "Mama, aron ɗanki na zo yi." Ita kuma ta jero masa tambayoyinta. In ya ji ciwo wa zai kai shi asibiti? Zai ci abinci ranar wasa? In babban kulob ya zo za ka ba shi takardarsa ya tafi? In ta karɓi zakaran, magana ta ƙare, yaro ya sa hannu. In ta ce ya koma da abinsa, ko yaron zai yi birgima a ƙasa ba ya ɗaukarsa. Manya suna ba da kuɗin sa hannu, Shekari zakara yake bayarwa. Zakarun kuma na Edith ne, ita ke kiwonsu a bayan gida, ita ke sayen dusa, shi nasa kamawa.

Satin farko ya kira gwaji. Mutum arba'in suka zo, talatin da tara saboda sun ji Edith na dafa gwate bayan an tashi. Gola ɗaya ne a cikinsu, wani wai shi Tony, kansa baƙi wuluk yana ƙyalli kamar takalmin ɗan sanda.

"Shekararka nawa?" in ji Shekari.

"Ashirin da uku, Koci."

Ni ina gefe da lemata na ce, "Tony, ka ji tsoron Allah. Ni da hannuna na ɗinka ankon bikin 'yarka bara."

"Anti Asabe, shekarun bal daban, na gida daban."

Aka sa shi a raga. Ana fara bugawa ruwa ya sauko, baƙin nan na kansa ya fara gangarowa ta goshi, kafin minti goma furfura ta fito ta gaishe mu. Kuma yana faɗuwa, ba zan yi masa ƙarya ba, faɗuwa mai kyau ma, sai dai bal ta riga ta shiga ta huta kafin ya tashi sama. In ya faɗi kuma sai mutum biyu sun ɗaga shi. Ya ci gwate kwano biyu ya ce a kira shi in an yanke shawara.

Sati na biyu aka kawo labarin Gideon a Mahuta, ɗan mutanen Filato, kulob ɗinsu ya rushe. Wannan kam gola ne. Hannunsa in ya miƙe yana iya ɗauko gishiri daga kicin yana zaune a falo. Bugu goma aka yi masa ya kama takwas, ɗaya ma da ƙafa yana hira. Shekari ya dawo shago yana waƙar coci, har ya taɓa kekena ya ce gobe zai gama. Washegari kwat, zakara, sai gidan Mama Celina, uwar yaron. Ni ba na wajen, amma wadda ke wajen kwastomata ce.

Asibiti, ya amsa. Abinci, ya amsa. Takarda, ya amsa. Sai ta ce, "Wace rana kuke wasan?"

"Lahadi, Mama. Amma da yamma, an daɗe da tashi sujada."

"Da yamma Gideon ke kaɗa ganga a taron matasa."

"Mama, ganga ai ko wa zai iya bugawa."

Kun ji inda ya kashe kansa. Matar nan ta dube shi daga hula har takalmi ta ce, "To bal ma ko wa zai iya kamawa. Hannun nan ranar Lahadi na Ubangiji ne. Ɗauki tsuntsunka." Gideon ya biyo shi har titi yana cewa zai lallashe ta, Shekari ya ce a'a, uwa ta ce a'a. Ni da na ji sai da na jefar da almakashi. Mutum yana nutsewa, an miƙo masa sanda, shi kuma yana duba ko an fere ta da kyau!

Na ukun ma ban so in ɓata bakina a kansa. Wani Timothy ne, da ejan ɗinsa suka zo, wato dillalinsa, wani mai baƙin gilashi da damina. Ya nuna bidiyo a waya, golan da ke ciki fari ne dogo, Timothy kuwa baƙi ne gajere, ya ce hasken kyamara ne. Ɗaki suke so da waya sabuwa. Shekari ya ce, "Ina mamansa?" Ejan ya ce, "Oga, manta da mama, da ni za ka yi magana." Shekari ya ce, "Kai ka yi naƙudarsa?" Nan aka watse.

To, ga abin da ya fi ƙona mini rai. Duk wannan wahalar da ake sha, kowa a Narayi har kajin Edith sun san akwai gola firi, wanda ya fi Ben ya fi Gideon, yana tuƙa keke napep a unguwar Television. Sunansa Nathan. Ɗan Shekari ne na fari, na cikinsa.

Tun yana shekara bakwai ubansa ke jefa masa lemu a tsakar gida yana cafewa. Shi ya tsare wa Babes raga shekara shida. Shekara uku da suka wuce wani kulob na Lafiya ya zo nemansa ana tsakiyar kaka. Nathan ya roƙi takardar sallama, Shekari ya ce sai an gama. Kulob ɗin suka ce ba za su jira ba. Yaro ya ɗauki jakarsa ya tafi. Shekari kuwa, mutumin da ya sallami yaran mutane sun fi hamsin yana yi musu addu'a, sai ya kulle katin ɗansa a durowa. Shekara guda cur Nathan na zaune a benci a garin mutane ba ya iya buga wasa, sai da dattawan coci suka sa baki aka saki katin. Kafin nan an ba wani ragarsa. Bana kulob ɗin suka sallame shi, ya dawo Kaduna, bai sauka a gidan ubansa ba, ya kama ɗaki da wani abokinsa. Shekari kuma ya riga ya tsaya a tsakiyar fili gaban kowa ya ce wanda ya bar Babes ba da izininsa ba ya bar ta har abada. Har sunan ma ya hana. A da Baban Nathan muke ce masa, ya ce daga yau shi Baban Debby ne, ƙanwar.

Ranar Laraba na kasa haƙuri, na buga falankin.

"Baban Debby!"

"Mene ne kuma?"

"Gola na can yana ɗaukar fasinja a Television, kai kana nan kana gwada kakannin mutane."

"Asabe, ki kula da zarenki."

"Zarena lafiyarsa lau. Jibi ƙarfe huɗu za a mayar da kai mai gyaran keke zalla, ka ga sai mu huta mu ma a gyara mana namu."

"Na yi magana gaban jama'a."

"Jama'ar ai su ne ke cewa ka janye. Fasto ya faɗa, 'yan wasanka sun faɗa, mai rake ma ya faɗa."

"Ko raga za ta zauna babu kowa."

"Ai ba za ta zauna ba, wani kulob ne zai zo ya rataya tasa."

Sai ya kunna injin markaɗen wata mata da ya yi wata uku bai taɓa ba, don dai kada ya ji ni.

Ranar Alhamis ya sa dogon mai tsaron bayansa a raga ko zai yi rajistarsa a matsayin gola. Yaran benci suka zura masa bakwai, ɗaya ta tsakanin ƙafafu, ɗaya kuma shi da kansa ya juya ya jefa ta ciki. Daga nan Shekari ya karɓi safar ya zura wai zai nuna masa yadda ake yi. Sunkuyawa ɗaya bayansa ya riƙe, a haka aka rako shi gida kamar mai neman allura a ƙasa.

To, yanzu mun iso inda na yi muku alkawari.

Juma'a, wajen sha ɗaya na safe, na ji shagon nan shiru. Babu tsaki, babu waya. Na leƙa, sai ga mutumina cikin kwat, fom a aljihu. Gidansu na bayan shagunanmu ne. Ina kallo ya zagaya ta lungu ya shiga wajen kaji, aka yi ta kokawa, ya fito da jan zakara a hammata. Na ce to, yau kuma uwar wa za a je a dama? Bai nufi titi ba. Zagayowa ya yi ya tsaya a ƙofar falonsa, gidan da ya gina da hannunsa, ya gyara kwala, ya ƙwanƙwasa.

Jama'a, ku da kanku in ku ne za ku zauna? Na rataya tef a wuya na bi ta bayan durom ɗin ruwa na tsugunna a ƙarƙashin tagar falon.

"Wane ne?" Muryar Edith ke nan.

"Koci Shekari ne, na Shekari Babes."

Can ta ce, "Shigo." Na ji takunsa ya nufi babbar kujerarsa, sai ta ce, "A'a, wannan ta mai gidan ce. Ga ta roba can." Na cusa bakin zanena a baki don kada dariya ta tona ni.

Ya yi gyaran murya. "Mama."

"Maman wa?"

Na ji ya sake gyaran murya.

"Maman Nathan. Aron ɗanki na zo yi."

"Madalla. Ɗago tsuntsun in gani." Sai na ji muryarta ta canja. "Wannan jan mai guntun bindi? Kazata ce ta ƙyanƙyashe shi a watan Maris. Shekara goma sha tara kana rabon zakaruna gida-gida ban ce komai ba, yau kuma ni za ka kawo wa nawa? Haka ka yi wa Celina, ka shiga akurkinta ka kamo ka miƙa mata?"

"Edith, ki dubi agogo."

"Edith matar mai gidan ce. Ni uwar gola ce. Kasuwar Television ba ta tashi ba."

Ya fito kamar an koro shi, ya saki jan zakaran ya bi titi da sauri, hannu ɗaya a ƙugu saboda bayan. Ni kuma raina ya ɓaci da su duka biyun. Sha ɗaya da rabi ta wuce, ofishin lig na ƙetaren gada, ranar Juma'a ga cunkoso, su kuma suna wasan gidan baƙo! Na koma shago na kasa zama. Sha biyu. Ɗaya. Ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Wata ta kawo gyaran siket na ce mata na tafi biki, ina tsaye a gabanta.

Biyu saura kwata sai ga shi, kwat ta jiƙe sharkaf, ya rungumo wani farin zakara kamar jariri. Kafin ya ƙwanƙwasa ni na riga na koma mazaunina, ruwan indararo na ɗiga mini a ƙeya.

Wannan karon ta ce zakaran ba laifi, ko da yake ƙafarsa siririya ce. Sannan ta fara.

"In ya ji ciwo wa zai kai shi asibiti?"

"Ni."

"Zai ci abinci ranar wasa?"

"Ai ke ce mai dafawa."

"Amsa za ka ba ni."

"Zai ci."

"In babban kulob ya zo, za ka ba shi takardarsa ya tafi?"

"Zan ba shi."

"Haka kake faɗa wa kowace uwa, kuma ka cika musu. Ni kaɗai ce ba ka taɓa zuwa ka tambaya ba, ɗana kaɗai ne kuma ka kulle wa kati shekara guda. Ka san sau nawa na je Lafiya na tarar da shi a benci yana tafa wa wani? Ba na karɓar ta baki. Ga biro ga takarda. Rubuta sallamarsa yanzu, ka sa hannu, ka buga hatimin kulob, ka bar wajen kwanan wata fili. Ni zan ajiye ta. Ranar da ya so tafiya ni zan cike."

"Haba! A wane kulob ake ba ɗan wasa sallama tun bai shigo ba? Gobe wani ya zo da bas, shi ke nan na koma neman su Tony!"

"Sai ka koma. Biyu da kwata yanzu."

Na ji kujerar roba na ƙara. Na ji ya ja tsaki har sau uku. Sannan na ji biro na tafiya a kan takarda, a hankali, kamar ana cire masa haƙori. Sai ƙarar hatimi, dum.

"To uwa ta yarda," in ji Edith. "Saura abu ɗaya. Yaron nan yana da uba. Mutum ne mai taurin kai, kuma ya rantse gaban jama'a ɗansa ba zai ƙara buga maka ba. Me zan ce masa in ya dawo?"

Na daɗe ina jin muryar Shekari ta cikin falanki, ihu, tsaki, waƙa, amma irin wadda ta fito lokacin ban taɓa ji ba. Sai da na manna kunnena da bango.

"Ki ce masa bai kyauta ba. Tun ranar ya san bai kyauta ba. Ki gaya wa yaron haka."

"Gaya masa da bakinka. Yana ɗakin Debby tun ƙarfe tara, ya cinye mini rabin tukunya. Nathan! Fito, mai kulob ya zo."

Wato duk zaryar zakaran nan da aka sa dattijo ya yi cikin ruwa, golan na kwance a ciki yana sakace! Na so in miƙe in yi magana, na tuna ba a gayyace ni ba.

Ƙofa ta buɗe. Na ji takun Nathan.

"Ina wuni, Koci."

"Lafiya. Ka yi ƙiba."

"Zaman keke ne."

"Litinin ƙarfe huɗu za ka zagaya fili sau ashirin."

"Sha biyar."

"Ashirin. Ka ji abin da na ce wa mamanka?"

"Na ji, Baba."

"To ba zan maimaita ba, bayana na ciwo. Ungo biro."

Wani ya ja hanci, ban san ko wane ne ba. Takarda ta yi ƙara. Sai Nathan ya ce, "Uku saura ashirin. Kekena na bayan coci, in muka tashi yanzu minti arba'in muna ƙofar ofis. Amma Baba, akwai layi ɗaya a ƙasa. Shaida, wanda ba ɗan gida ba. In babu shi ba za su karɓa ba."

Edith ta ce, "Wayyo! Fasto ya tafi jana'iza Mahuta. Cikin ruwan nan wa za mu samu yanzu?"

"Kada ki damu," in ji Shekari. "Akwai."

Na ji taku na matsowa. Kafin in san inda zan sa kaina, gilashin tagar ya buɗe a saman kaina, na ɗaga ido muka yi ido huɗu. Idonsa ja wur.

"Asabe."

"Na'am, Baban Deb... Baban Nathan. Allurata ce ta faɗi a nan."

"Tun zakaran farko nake ganin jan ɗankwalinki. Awa uku ba ki samu allurar ba?"

"Ƙarama ce sosai."

"Tashi ki zagayo ki sa hannu, lokaci na tafiya."

Na yunƙura, ƙafata ta mutu, na dafa durom, durom ya tafi da ni. Ina zaune cikin ruwa ina jin Edith na ƙyaƙyata dariya a ciki, shi kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya zuro biro ta tagar ya nuna ni da shi.

"Kuma in kin tashi rabawa a gari, don na san kafin mu haye gada kin fara, kada ki kuskura ki ce na yi kuka. Ruwan sama ne ya shigar mini ido."